Suna da Mai Suna: Abin da Ya Sa Manhajar Matse Fayil Take Ƙin Fayil Mai Sunaye da Yawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba aiki da kwamfuta mai tafiya bisa tsarin Unix ko Linux, da wuya a ce bai taɓa amfani da manhajar nan da ake kira gzip ba. Aikinta shi ne matse fayil, watau rage masa girma ba tare da ko harafi ɗaya ya salwanta ba, domin ya ci ɗan wuri a faifai, ya kuma yi saurin aikawa. Manhaja ce mai biyayya ƙwarai, amma akwai wani irin fayil wanda in aka miƙa mata shi sai ta noƙe. Takan rubuta ɗan gargaɗi cewa fayil ɗin yana da wani mahaɗi dabam, sannan ta bar shi yadda ta same shi. Masu aiki da yawa sukan ɗauki wannan a matsayin nakasu, su tilasta mata, su kuwa jawo wa kansu asarar da ba za su gane ba sai bayan lokaci ya ƙure.

A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana tushen matsalar. Za a fara da yadda manhajar take gudanar da aikinta, sannan a dubi abin da ake nufi da sunan fayil a tsarin Unix, daga nan a nuna inda biyun suke cin karo, a ƙarshe kuma a kawo hanyoyin da masana suka bi don warware al'amarin.

2.0 Yadda Ake Matse Fayil

Hikimar matse fayil ta dogara ne a kan maimaici. Kowane rubutu cike yake da kalmomi da gaɓoɓin da suke ta dawowa. A shekarar 1952 David Huffman ya fito da dabarar bai wa haruffan da suka fi yawan aukuwa gajerun lambobi, waɗanda ba su cika aukuwa ba kuma a ba su dogaye. A shekarar 1977 kuma Abraham Lempel da Jacob Ziv suka kawo wata dabarar: in wani jerin haruffa ya sake fitowa, maimakon a sake rubuta shi, sai a ajiye 'yar alama mai cewa a koma baya taki kaza a kwafi haruffa kaza. Waɗannan dabaru biyu ne gzip ta gwama. Jean-loup Gailly da Mark Adler ne suka rubuta ta, aka fitar da ita a shekarar 1992, don ta maye gurbin tsohuwar manhajar compress wadda dabararta ke ƙarƙashin haƙƙin mallakar kamfanin Unisys a wancan lokaci. Bayanta aka sami bzip2 ta Julian Seward a shekarar 1996, da kuma xz ta Lasse Collin a shekarar 2009.

Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne matakan da waɗannan manhajoji suke bi a kan faifai. A ɗauka akwai fayil mai suna kamus.txt, aka umarci gzip ta matse shi. Matakai uku za ta bi. Na farko, ta buɗe sabon fayil mai suna kamus.txt.gz. Na biyu, ta karanta tsohon, tana zuba matsattsen bayani a cikin sabon. Na uku, in ta tabbatar an gama lafiya, sai ta goge kamus.txt. Ana bin wannan tsari ne don kariya, saboda in wuta ta ɗauke ko faifai ya cika ana tsakiyar aiki, tsohon fayil yana nan bai taɓu ba. Ke nan alkawarin da manhajar take yi wa mai aiki shi ne: zan ɗauke maka babba in ajiye maka ƙarami a madadinsa. Mataki na uku shi ne yake cika wannan alkawari, kuma a nan ne matsalar take.

3.0 Suna Dabam, Fayil Dabam

Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara ginawa a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a shekarar 1969, ya raba tsakanin fayil da sunansa. Kowane fayil yana da wani ɗan kati a faifai, wanda ake kira ainod, kuma kowane kati yana da lambarsa. A jikin katin ake rubuta mai fayil ɗin, da waɗanda aka yarje wa su karanta ko su gyara shi, da girmansa, da lokacin da aka yi masa gyara na ƙarshe, da wuraren da bayanansa suke zaune a faifai. Abin lura shi ne, babu sunan fayil a jikin katin ko kaɗan. Sunaye suna zaune ne a cikin kundi, watau abin da a fuskar kwamfuta yake bayyana kamar jakar da ake zuba fayiloli. Shi kuwa kundin ba kome ba ne illa jeri mai layi biyu: ga suna, ga lambar katin da sunan yake nunawa.

Tun da haka ne, babu abin da zai hana sunaye biyu ko goma su nuna kati ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin irin waɗannan sunaye shi ne ake kira ƙaƙƙarfan mahaɗi. Da umarnin ln ake ƙara wa fayil suna. Alal misali, ana iya sa kamus.txt ya sami suna na biyu, kalmomi.txt, a wani kundin dabam. Ba a kwafi kome ba, ba a kuma ci ƙarin wuri ba, in ban da ɗan layin da aka ƙara a kundin. Duk gyaran da aka yi ta hanyar suna ɗaya, nan take za a gan shi ta hanyar ɗayan, domin abu ɗaya ne ake kallo ta ƙofa biyu.

Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba. Mutum guda yakan amsa sunan yanka a makaranta, a gida a kira shi Ɗanjuma saboda ranar haihuwarsa, kakarsa kuma ta kira shi da wani sunan na alkunya. In ya yi aski, duk sunayen nan uku na mai aski ne. Sai dai kwatancin yana da iyaka. A wurinmu sunan yanka shi ne tushe, sauran laƙabi ne. A wurin Unix kuwa duk sunayen daidai suke. Da zarar an ƙara na biyu, babu wata hanya ta gane wanne ne ya riga wanne.

Katin yana riƙe da abu guda game da sunayen, shi ne adadinsu. In aka ƙara suna, adadin ya hau da ɗaya. In aka cire, ya sauka da ɗaya. Wanda ya ba da umarnin ls tare da alamar -l zai ga wannan adadi a layi na biyu, daf da bayanin izini. A tsarin ajiya na ext4, wanda ya yaɗu a Linux, fayil guda yana iya ɗaukar sunaye har 65,000. Daga nan za a fahimci cewa umarnin rm, wanda kowa yake ɗauka mai goge fayil ne, a haƙiƙa suna yake cirewa. Tsarin ba ya sakin wurin da bayanan suke zaune sai adadin sunaye ya kai sifiri, kuma babu wata manhajar da take riƙe da fayil ɗin a buɗe.

Wajibi ne a bambanta wannan da wani nau'in mahaɗin, wanda za mu kira mahaɗin ishara, da ya shigo Unix ta hannun masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a farkon shekarun 1980. Shi mahaɗin ishara ɗan fayil ne mai zaman kansa, mai katinsa, wanda abin da ke cikinsa kawai shi ne kwatancen inda wani sunan yake. Kamar takarda ce da aka manna a ƙofa ana cewa mai gidan yana gida kaza. In aka cire sunan da yake nunawa, sai ya zama kwatancen kango.

4.0 Inda Biyun Suke Cin Karo

Yanzu sai a dawo ga mataki na uku na aikin gzip. Manhajar tana cire suna ne, da zaton cewa cire sunan zai tafi da fayil ɗin. In sunan ɗaya ne tak, zaton ya yi daidai. In kuwa akwai na biyu, ga abin da zai faru. Za a sami sabon fayil, kamus.txt.gz, mai sabon kati. Za a cire sunan kamus.txt, adadin da ke jikin tsohon katin ya sauko daga 2 zuwa 1. Shi kuwa tsohon fayil yana nan daram da cikakken girmansa, yana amsa sunan kalmomi.txt. Illa biyu ne suke biyo baya.

Illa ta farko ta shafi wuri. A ɗauka fayil ɗin megabayit 100 ne, kuma in an matse shi zai koma 30. Mai aiki yana sa ran ya sami rarar 70, sai ga shi faifai yana ɗauke da 130. In sunayen huɗu ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya matse, zai tashi da matsattsun fayiloli huɗu masu zaman kansu, jimlarsu 120, a wurin da dā 100 ne. Hausawa kan ce an je neman ƙiba an samo rama; a nan kuwa ramar aka je nema aka samo ƙiba.

Illa ta biyu ta fi muni, domin ba ta da alamar da ido zai gani. Abin da dā yake ɗaya ya zama biyu. A ɗauka mutum biyu ne suke aikin tattara kalmomi a kwamfuta guda, kowanne yana shiga fayil ɗin ta sunan da ke kundinsa. Ɗaya ya matse nasa da ƙarfi, bayan mako guda ya warware shi ya ci gaba da aiki. Sunan zai dawo yadda yake, kamus.txt, amma katin sabo ne. Daga ranar nan abin da wannan ya ƙara wancan ba zai gani ba, abin da wancan ya gyara wannan ba zai sani ba, alhali kowannensu yana zaton suna tare. Kafin a farga, an sami kamus biyu masu saɓa wa juna, kuma haɗa su sai an bi layi-layi.

Saboda waɗannan illoli ne gzip take duba adadin sunaye kafin ta fara aiki. In ta ga ya haura ɗaya, sai ta yi gargaɗi, ta tsallake fayil ɗin, ta fita da lamba 2, wadda a ƙa'idarta take nufin an gama da gargaɗi. Haka take yi ko matsewa aka ce ta yi ko warwarewa. Su ma bzip2 da xz suna da irin wannan taka-tsantsan. Duk ukun kuma suna da alamar -f ta tilastawa, wadda ma'anarta ita ce mai aiki ya ji ya gani, ya kuma ɗauki alhakin abin da zai biyo baya.

5.0 Tambayoyi Biyu da Akan Yi

Mai karatu zai iya tambaya, me zai hana manhajar ta zuba matsattsen bayanin a cikin tsohon katin, yadda duk sunayen za su ci gaba da nuna abu ɗaya? Amsa ita ce, sauran sunayen ba za su sami ƙarin nan na .gz ba. Wanda ya buɗe kalmomi.txt yana jiran ya ga rubutu sai ya tarar da tarkacen alamomin da ba su karantuwa, haka ma duk wata manhajar da ta dogara da wannan suna za ta rikice. Bugu da ƙari, an yi watsi da kariyar da aka ambata a baya, domin in aiki ya katse a tsakiya, an rasa tsohon ba a kuma sami sabon ba. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Tambaya ta biyu ita ce, me zai hana ta nemo sauran sunayen ta gyara su gaba ɗaya? A nan sai a tuna cewa katin adadi kawai ya sani, bai san inda sunayen suke ba. Hanyar ta gefe ɗaya take tafiya, daga suna zuwa kati. Wanda yake son gano sauran sunayen dole ya bi kowane kundi da ke ɓangaren faifan yana duba lambobi, kamar yadda umarnin find yake yi in an haɗa shi da alamar -samefile. A babban faifai wannan aiki ne mai cin lokaci. Har wa yau, wasu sunayen suna iya kasancewa a kundin wani mutum wanda mai aiki ba shi da izinin leƙawa, balle ya sauya wani abu a ciki. Ko da ma an same su duka, ba hurumin manhajar ba ne ta sauya sunan da ba a miƙa mata ba, tun da ba ta san wanda ya dogara da shi ba.

6.0 Wuraren da Aka Fi Gamuwa da Matsalar

Wuri na farko shi ne ajiyar ko-ta-kwana, watau kwafin fayilolin da ake adanawa don gudun ɓacin rana. Manhajoji irin su rsnapshot suna yin sabon kundi a kowace rana, wanda in an duba shi sai a ga kamar cikakken kwafi ne. A gaskiya kuwa fayilolin da suka sauya ne kaɗai ake kwafa. Waɗanda ba su sauya ba ƙarin suna kawai ake ba su. Da wannan dabara ajiyar kwana bakwai takan ci wurin da bai fi na kwana ɗaya da yawa ba. To, in mai kula da kwamfutar ya ga faifai ya kusa cika, ya saki gzip da alamar tilastawa a kan dukkan ajiyar, fayil ɗin nan namu mai megabayit 100 zai haifi matsattsu bakwai, jimlarsu 210. Faifan da ake son ragewa shi ne zai cika maƙil.

Wuri na biyu shi ne shafukan jagora na Unix, waɗanda ake karantawa da umarnin man. Sau da yawa shafi ɗaya yakan yi bayanin umarni biyu ko uku, don haka ake buƙatar a same shi ta kowane suna. Ƙa'idojin Debian, ɗaya daga cikin manyan rassan Linux, sun ce a matse waɗannan shafuka da gzip, sun kuma ce kada a yi ƙaƙƙarfan mahaɗi a kundayen shafukan jagora; mahaɗin ishara suka fi so.

7.0 Hanyoyin Warwarewa

Hanya ta farko ita ce a sauke wa manhajar nauyin mataki na uku. In aka haɗa gzip da alamar -c, takan fitar da matsattsen bayanin zuwa inda aka nuna mata, ba ta taɓa tsohon suna, don haka ba ta damuwa da adadin sunaye. Masu xz ma sun bi wannan tunani: daga fitowa ta 5.2.6, ta shekarar 2022, alamar -k mai cewa a bar tsohon fayil ta isa ta sa manhajar ta karɓi fayil mai sunaye da yawa, ba sai an tilasta mata ba. Wannan hanya ta dace da wanda yake son matsattsen kwafi don aikawa, amma ba ta rage wuri a faifai.

Hanya ta biyu ita ce a yi wa sunayen aiki a dunƙule. A matse ɗaya, a cire sauran, sannan a sake ƙirƙirar su da ln suna nuna sabon katin, kowanne da ƙarin .gz. Haka manhajar dh_compress take yi, wadda ke cikin kayan aikin debhelper da Joey Hess ya fara rubutawa don Debian a shekarar 1997. Takan duba lambobin katin fayilolin da za ta matse, in ta ga biyu sun zo ɗaya sai ta matse guda ta sake ɗaura ɗayan a kansa; takan kuma gyara mahaɗan ishara su nuna sabon suna. Abin da ya ba ta damar yin haka shi ne dukkan fayilolin da take aiki a kansu suna gabanta a wuri guda, kuma nata ne ta sarrafa.

Hanya ta uku ita ce a fara ƙunshe fayilolin da manhajar tar, wadda take tare da Unix tun shekarar 1979. Ita tar tana lura da lambobin kati. In ta ci karo da suna na biyu na fayil ɗin da ta riga ta ɗauka, sai ta rubuta cewa wannan suna ne na wancan, ba ta sake ɗaukar bayanan ba. Ƙunshin da ta fitar fayil ne guda mai suna guda, wanda gzip za ta matse ba gardama, in an kwance shi kuma sunayen su dawo a ɗaure da juna. Sharaɗin kawai shi ne dukkan sunayen su shiga ƙunshi ɗaya.

Hanya ta huɗu ita ce a bar wa tsarin ajiyar kansa aikin matsewa. Tsare-tsare irin su ZFS da Btrfs, da kuma NTFS na Windows, suna iya matse bayanai a lokacin da suke rubuta su a faifai, su warware su a lokacin karantawa, ba tare da mai aiki ya ga wani sauyi ba. Tun da suna bai sauya ba, kati ma bai sauya ba, matsalar ba ta tasowa sam.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa noƙewar gzip a gaban fayil mai sunaye da yawa ta samo asali ne daga ginin Unix kansa, inda aka raba suna da mai suna, aka kuma bar wa kati adadin sunaye kawai. Manhajar suna ɗaya aka miƙa mata, a kansa kaɗai take da iko, kuma cire shi ba zai cika alkawarin rage wuri ba muddin akwai wani sunan da ya rage. Saboda haka, wanda ya ci karo da wannan gargaɗi, kafin ya kai hannu ga alamar tilastawa, ya kamata ya fara duba adadin sunayen da ls, ya nemo sauran da find, ya kuma tambayi kansa ko akwai wanda yake dogara da kasancewarsu abu ɗaya. In akwai, sai ya zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyi huɗun nan gwargwadon buƙatarsa. In babu, to, ya cire sunayen da ba a buƙata tukuna. Da zarar adadin ya koma ɗaya, manhajar za ta yi aikinta ba tare da an ce mata uffan ba.